Jona folda ta ciki daga Azure Files a sabar Ubuntu: me ya sa take ƙi?

Abban_Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai sabar Ubuntu 22.04 a kan Azure, da ma'ajiyar Azure Files (wurin ajiye fayiloli na Microsoft a intanet) ta SMB (hanyar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci) mai suna `ayyuka` a asusun ajiya `asusunmu`. Foldoji biyu ake buƙata daga cikinta: `shafi/hotuna`, wadda manhajar shafin intanet za ta riƙa rubutu a ciki, da `akanta/rahoto`, wadda wata manhaja daban za ta karanta kawai. Idan aka jona ma'ajiyar gaba ɗaya a `/mnt/ayyuka`, wato aka sa ta bayyana kamar folda a sabar, lafiya ƙalau. Amma wannan umarnin ya ƙi:

`sudo mount -t cifs //asusunmu.file.core.windows.net/hotuna /srv/shafi/hotuna -o credentials=/etc/smbcredentials/asusunmu.cred,vers=3.1.1`

Amsar da yake bayarwa ita ce `mount error(2): No such file or directory`. Sannan ko a inda aka jona ta gaba ɗaya, www-data, mai amfanin da manhajar shafin ke gudana da sunansa, ba ya iya rubutu, kuma `chown`, umarnin canza mai fayil, ba ya canza komai. Abin da nake so shi ne kowace manhaja ta ga foldarta kaɗai, kada ta ga ta ɗayar. Shin hakan zai yiwu, ko dole sai an raba ma'ajiyar biyu?

Malam_Kanel: Wa alaikumus salam. Matsalar farko tana cikin adireshin. Abin da ke biyo bayan sunan sabar kai tsaye, shi SMB ke ɗauka a matsayin sunan ma'ajiya, kuma babu ma'ajiya mai suna `hotuna` a asusunka. Sunan ma'ajiya zai fara zuwa, sannan hanyar folda:

`//asusunmu.file.core.windows.net/ayyuka/shafi/hotuna`

Don ka tabbatar, duba `sudo dmesg | grep -i cifs`. In ka ga `BAD_NETWORK_NAME`, to sunan ma'ajiya ne ba daidai ba. In babu wannan amma kuskure na 2 yana nan, to foldar ce ba ta wanzu ba. `mount` ba ya ƙirƙirar folda a can gefen, sai ka fara jona ma'ajiyar gaba ɗaya ka yi `mkdir -p`, ko ka ƙirƙire ta a shafin Azure.

Abban_Nana: `BAD_NETWORK_NAME` ɗin ne kuwa a dmesg. Da aka saka `ayyuka/shafi/hotuna` ta jonu. Allah ya saka da alheri, Malam. Saura batun rubutu.

Ummu_Hanan: `chown` da `chmod` (umarnin canza izini) ba za su yi maka aiki ba a irin wannan jonawar. Ma'ajiyar SMB ta Azure ba ta ajiye mai fayil da izini irin na Linux. Abin da `ls -l` ke nuna maka, sabar taka ce ta ƙaga shi lokacin jonawa, kuma in ba ka faɗa mata komai ba, root, mai cikakken iko a sabar, take bai wa komai. Don haka a zaɓuɓɓukan jonawa ake saka su. A Ubuntu lambar www-data 33 ce, `id www-data` zai nuna maka. Layin `/etc/fstab`, fayil ɗin da ke lissafa abin da za a jona lokacin tashin sabar, zai zama haka:

`//asusunmu.file.core.windows.net/ayyuka/shafi/hotuna /srv/shafi/hotuna cifs credentials=/etc/smbcredentials/asusunmu.cred,vers=3.1.1,uid=33,gid=33,dir_mode=0750,file_mode=0640,serverino,nosharesock,mfsymlinks,actimeo=30,nofail 0 0`

Layin folda ta biyu kuma irinsa ne, sai dai ka canza hanya zuwa `akanta/rahoto`, ka saka lambar mai amfani na ɗaya manhajar, ka ƙara `ro`, wato karatu kaɗai. Kada ka kwafi `0777` da ake yawan gani a misalai. Ma'anarsa kowane mai amfani a sabar zai iya gogewa da rubutawa, wato kishiyar abin da kake nema. Fayil ɗin mabuɗi, wato `asusunmu.cred`, layi biyu ne, `username=asusunmu` da `password=` sai mabuɗin asusun ajiya, kuma a yi masa `chmod 600`, mallakar root.

DanGwammaja: Ni ban ga dalilin jona ma'ajiya ɗaya sau biyu ba. A jona ta sau ɗaya a `/mnt/asali/ayyuka`, a kulle `/mnt/asali` da `chmod 700`, sannan a yi `mount --bind /mnt/asali/ayyuka/shafi/hotuna /srv/shafi/hotuna`. Haɗi ɗaya zuwa Azure, wuri ɗaya na gyara zaɓuɓɓuka, kuma in an ƙara folda ta uku layi ɗaya ne gajere.

Ummu_Hanan: @DanGwammaja hanyarka tana aiki, amma ba za ta biya buƙatar Abban Nana ba. `bind` taga ce kawai a kan abin da aka riga aka jona, tana gadon `uid`, `gid` da `dir_mode` na uwar. In uwar ta www-data ce, to `rahoto` ma ta www-data ce a duk inda ka nuna ta. Abin da za ka iya bambantawa shi ne `ro`. Manhajoji biyu masu masu amfani daban, dole jonawa biyu, kowace da lambarta.

DanGwammaja: Na karɓi wannan. In mai amfani ɗaya ne ke gudanar da duka, ina nan a kan `bind`. Wanda zai bi ta, ya tuna ya saka `_netdev,x-systemd.requires-mounts-for=/mnt/asali/ayyuka` a layin, in ba haka ba systemd, mai tayar da hidimomin sabar, zai nemi yin `bind` kafin uwar ta iso, ya tarar babu foldar.

Injiniya_Hadiza: Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci kuma ba a taɓo shi ba. Jona folda ta ciki ba tsaro ba ne a wajen Azure. Mabuɗin asusun ajiya da ke cikin wancan fayil ɗin yana buɗe komai: dukan ma'ajiyar `ayyuka`, sauran ma'ajiyoyin da ke asusun, har da blob, wani nau'in ajiyar Azure, in akwai. Azure bai san cewa kai `hotuna` kaɗai kake nufi ba. Duk wanda ya samu mabuɗin zai jona tushen ma'ajiyar ya karanta takardun akanta. Saboda haka amsar tambayarka ta ƙarshe, Abban Nana, ita ce: raba ma'ajiya biyu a asusu ɗaya ma bai raba komai ba, muddin mabuɗin asusu ake amfani da shi. Ko dai asusun ajiya biyu daban, ko kuma a bar mabuɗi a koma shiga da shaidar mutum.

Malam_Kanel: Gaskiya ce, amma a auna ta. A cikin sabar ɗaya, inda root kaɗai ke karanta fayil ɗin mabuɗi, www-data ba shi da hanyar fita daga `hotuna`. `cd ..` zai mayar da shi `/srv/shafi` ne na faifan sabar, ba `shafi` ta Azure ba. Wato in aka fasa manhajar shafin amma ba a samu root ba, `rahoto` tana nan a kulle da `0750` ɗinta. Katanga ce ta gaske, sai dai tsayinta daidai tsayin tsaron root.

Injiniya_Hadiza: Na yarda da haka, Malam. Inda nake tsoro shi ne ranar da za a ce sabar ta biyu, ta wani sashe ko ta ɗan kwangila, ita ma a jona mata foldarta. Mai root a can ya samu komai ke nan. Kuma sabar da ke fuskantar intanet ita ce ta fi kowace kusa da faɗawa hannun ɓarayi, bai kamata mabuɗin takardun kuɗi ya kwana a cikinta ba.

Sabo_SAS: Me zai hana a yi amfani da SAS, wato takardar izini mai iyaka da wa'adi, a madadin mabuɗin?

Injiniya_Hadiza: SAS ba ya aiki da SMB, na hanyar HTTPS ne, irin AzCopy (manhajar kwafe fayiloli ta Azure) ko kiran REST. Ba a jonawa da shi. Abin da ke iyakance folda da gaske mataki biyu ne. Na farko a haɗa asusun ajiyar da Active Directory ko Microsoft Entra Domain Services, masu tantance shaidar masu amfani, a ba rukunin masu amfani matsayi a kan ma'ajiyar, kamar Storage File Data SMB Share Reader ga masu karatu ko Contributor ga masu rubutu. Wannan matsayin a kan ma'ajiya gaba ɗaya yake, bai san folda ba. Na biyu shi ne izinin NTFS a kan kowace folda, wanda ake sakawa daga Windows da `icacls` ko ta shafin tsaro na foldar. Wanda ya fi tsauri a cikin biyun shi ke cin nasara. A Linux kuma jonawar za ta koma `sec=krb5`, sabar tana buƙatar tikitin shaida na Kerberos da agogo mai tafiya daidai. Aiki ne, shi ya sa ga ƙaramin kamfani asusu biyu ya fi sauƙi.

Bashir_Zinder: Sannunku da aiki. Tambaya a gefe: irin wannan umarnin daga sabar da ke cikin ofis, ba a kan Azure ba, yana tsayawa ya daɗe sannan ya ce `mount error(115): Operation now in progress`. Mabuɗi daidai ne.

Malam_Kanel: Wannan bai kai ga duba mabuɗi ba ma. SMB ta ƙofa ta 445 take fita, kuma masu ba da intanet da yawa suna toshe ta. Gwada:

`nc -zvw3 asusunku.file.core.windows.net 445`

In ta ƙi, duba katangar tsaron ofis tukuna, in ba nan ba ne to daga mai ba ku intanet ne. Ba a canza wa Azure Files ƙofa. Mafita ita ce VPN zuwa cibiyar sadarwarku ta Azure, tare da private endpoint, wato adireshin ciki na musamman, a kan asusun. Bayan an kafa shi, sunan nan dai za ka ci gaba da amfani da shi, amma `nslookup` ya kamata ya dawo maka da adireshin ciki, irin 10.x.x.x. In har yanzu adireshin waje yake bayarwa, DNS na ofis bai san yankin `privatelink.file.core.windows.net` ba, zirga-zirgar ba ta bin VPN ɗin.

A riƙe bambancin: 115 hanya ce a toshe, 2 suna ko folda, 13 kuwa an isa amma an ƙi ka. Ga 13 dalilai uku ne suka fi yawa: mabuɗi ya canza, ko an nemi `vers=2.1` wanda ba ya ɓoye bayanai alhali asusun ya wajabta ɓoyewa, ko katangar asusun ajiyar ba ta san inda kake fitowa ba.

Ummu_Hanan: Ƙari a kan na ƙarshen: in sabar da asusun suna yanki ɗaya na Azure, saka adireshin IP na waje na sabar a katangar asusun ba ya aiki. Sai an kunna service endpoint na `Microsoft.Storage` a kan subnet ɗin an ƙara shi a jerin, ko a yi private endpoint.

Kawu_Tanko: Bashir, ko VPN ɗin ya tashi, ka lissafa nisa kafin ka ɗora aiki a kai. Yankunan Azure mafi kusa da mu suna Afirka ta Kudu ne ko Turai. SMB mai yawan tambaya da amsa ce, kowane fayil sai an buɗe, an karanta, an rufe. A ce `ping` ɗinka milisakan 100 ne, fayiloli ƙanana 10,000, kowane zuwa da dawowa biyu kacal, ɗaya bayan ɗaya: sakan 2,000 ke nan, sama da rabin awa, komai faɗin layinka. Babban fayil ɗaya ba zai damu ba, ƙananan ne ke kashe lokaci. Don kwashe kaya da yawa a yi amfani da AzCopy, yana bi ta 443 kuma yana tura da yawa a lokaci guda. In ma'aikatan ofis ne za su riƙa buɗe takardu kullum, Azure File Sync, mai ajiye kwafin fayilolin a kan Windows Server na ofis, ya fi dacewa, shi ma ta 443 yake bi, kuma kwafin yana kusa da su.

Bashir_Zinder: `nc` ɗin ya ƙi. Ƙofar ce. Na gode, Kawu, za a duba File Sync ɗin.

Abban_Nana: Mu dawo kan tawa kaɗan. An saka layukan biyu a fstab kamar yadda Ummu Hanan ta rubuta, `sudo mount -a` ya yi, rubutu ya yi. Amma bayan sake kunna sabar, wasu hotuna da aka ɗora a mintin farko ba sa cikin Azure, kuma a sabar ma ba a ganinsu.

Malam_Kanel: Suna nan, a ƙarƙashin jonawar suke. `nofail` yana cewa systemd kada ya jira wannan layin kafin ya ci gaba da tashi. Manhajar ta riga ma'ajiyar tashi, ta tarar da `/srv/shafi/hotuna` folda ce ta faifan sabar, ta rubuta a ciki, sannan ma'ajiyar ta zo ta rufe su. Tsayar da manhajar, yi `sudo umount /srv/shafi/hotuna`, za ka gan su. Kwashe su zuwa wani wuri, sake jonawa, mayar da su ciki.

Gyara biyu ne, a yi duka. Na ɗaya, `sudo systemctl edit php8.1-fpm`, ko duk sunan hidimar da ke rubutun, a saka:

`[Unit]`
`RequiresMountsFor=/srv/shafi/hotuna`

sai `sudo systemctl daemon-reload`. Yanzu hidimar ba za ta tashi ba sai an jona. Na biyu, lokacin da foldar take a sauke kuma babu komai cikinta, yi `sudo chattr +i /srv/shafi/hotuna`. Jonawa a kanta tana yiwuwa, amma rubutu a cikin ta faifan ba ya yiwuwa ko ga root. Gara manhaja ta yi ihu da kuskure da ta ajiye kaya a inda ba wanda zai duba. Kada ka cire `nofail` ɗin, in Azure bai amsa ba ranar tashi ba ka son sabar ta tsaya jiransa.

Sabo_SAS: Ba `_netdev` ne ya rasa a layin ba?

Malam_Kanel: A'a. systemd ya san `cifs` da `nfs` na hanyar sadarwa ne, yana jiran ta da kansa. `_netdev` yana da amfani ne inda nau'in bai nuna haka ba, kamar layin `bind` na DanGwammaja ko nau'in `efs`.

Hajiya_AWS: Tun da an ambaci efs: ga wanda ke kan Amazon, wannan matsalar ta Abban Nana tana da magani a shirye. EFS, ma'ajiyar fayiloli ta Amazon, ta NFS 4.1 ce (hanyar raba fayiloli irin ta Linux) ta ƙofa ta 2049, tana ajiye izinin Linux na gaske, `chown` yana aiki. Jona folda ta ciki shi ne `sudo mount -t efs -o tls fs-xxxx:/shafi/hotuna /srv/shafi/hotuna` bayan an girka `amazon-efs-utils`. Wannan shi ma ba tsaro ba ne, kamar yadda Injiniya Hadiza ta faɗa. Amma akwai access point: ana ƙayyade masa folda a matsayin tushensa da lambar mai amfani da ta rukuni, a jona da `-o tls,iam,accesspoint=fsap-xxxx`, sannan dokar IAM, tsarin izini na Amazon, ta ce wannan sabar ta wannan ƙofar kaɗai za ta shiga. A can gefen ake tilasta iyakar, root na sabar ba zai tsallake ta ba. In aka ba shi bayanan ƙirƙira, wato mai folda da izini, zai ƙirƙiri foldar da kansa, in ba a ba shi ba kuma babu foldar, jonawa za ta ƙi. A fstab kada a manta `_netdev`, rashinsa na iya sa injin ya maƙale wajen tashi.

DanGwammaja: To Azure Files ma ai tana da NFS. Me zai hana Abban Nana ya koma can ya huta da `uid=`?

Injiniya_Hadiza: Zai samu `chown` da `chmod` na gaske, kowace folda da mai ita a jonawa ɗaya, kuma a nan `bind` ɗinka zai yi kyau. Adireshin yana ɗauke da sunan asusu sau biyu: `asusunmu.file.core.windows.net:/asusunmu/ayyuka`, da `-o vers=4,minorversion=1,sec=sys`. Amma a san farashinsa. Sai a matakin SSD mai tsada, ba a juya ma'ajiyar SMB ta koma NFS sai an buɗe sabuwa an kwashe kaya, kuma ma'ajiya ɗaya ba ta yin duka biyun. In 'yan akanta daga Windows suke ajiye rahotonsu, sun fita ke nan. Sannan babu mabuɗi babu shaida, duk injin da hanyar sadarwa ta bari ya iso, lambar da ya ce shi ne ita ake yarda da ita. Zaɓin root squash yana rage ƙarfin root na injin da ya jona, bai hana shi ya zama wani mai amfani ba.

Abban_Nana: Daga Windows suke ajiyewa, don haka SMB za a zauna.

Kawu_Tanko: To ga na Windows. `net use Z: \\asusunmu.file.core.windows.net\ayyuka\akanta\rahoto /user:localhost\asusunmu` yana karɓar folda ta ciki kai tsaye. Abubuwa biyu ke kama mutane. Harafin faifai na zaman wanda ya jona shi ne, hidimar Windows ko IIS ko aikin da aka tsara da wani asusu ba za su ga `Z:` ba. Su a ba su cikakkiyar hanyar `\\...`, ko a yi `New-SmbGlobalMapping` a PowerShell don duk injin ya gani. Na biyu kuskure na 1219: Windows ba ya yarda mutum ɗaya ya shiga sabar ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda, sai an yi `net use * /delete` an sake. Kuma raba wa ma'aikata mabuɗin asusu a kwamfutocinsu shi ne ainihin abin da Injiniya ke gargaɗi a kai.

Maman_Ilham: Sunayen fayilolin fa? Masu ɗora hotuna suna saka ƙ da ɗ da ɓ, wani lokaci da tazara.

Ummu_Hanan: SMB tana ɗaukar su. In sun fito a gurɓace a Linux, ƙara `iocharset=utf8`. In hakan ya jawo `mount error(79)`, kayan `nls_utf8` ne babu a kanel ɗin, `sudo apt install linux-modules-extra-$(uname -r)` yana kawo shi. Tazara a hanyar folda cikin fstab ana rubuta ta `\040`, misali `Rahoton\040Wata`, alamar zance ba ta aiki a can. Kuma ma'ajiyar ba ta bambanta babban harafi da ƙarami: `Hoto.jpg` da `hoto.jpg` fayil ɗaya ne, na biyun zai hau kan na farko. Manhajar da aka saba da faifan Linux ta riƙa ba fayilolin suna na musamman da kanta.

Malam_Kanel: Abu ɗaya kada a ajiye a can: rumbun bayanai, ko SQLite ne. Kulle fayil ta hanyar sadarwa da `actimeo=30`, wanda ke sa sabar ta riƙe bayanan fayil na sakan 30 ba ta sake tambaya ba, ba sa jituwa da shi. Wannan `actimeo` ɗin ma a rage shi a layin `rahoto` in ana son sabon rahoto ya bayyana nan take.

Injiniya_Hadiza: Kuma a kunna snapshot na kullum, wato kwafin ma'ajiyar yadda take a lokacin. Soft delete na Azure Files ma'ajiya gaba ɗaya yake karewa in an goge ta, ba ya dawo da fayil ɗaya da `rm` ya cinye. Duk rubutun umarnin goge fayiloli da ke ratsa `/srv` a saka masa `--one-file-system`.

Abban_Nana: An samo hotunan a ƙarƙashi, an saka `RequiresMountsFor` da `chattr`, an sake kunnawa, `findmnt -t cifs` yana nuna layuka biyu. Abin da ban yanke ba shi ne mayar da `akanta` asusu na daban. In aka yi haka, sabar nan dai za ta riƙe mabuɗai biyu tunda tana karanta rahoton, to me aka rage?

Injiniya_Hadiza: In za ta riƙe mabuɗin akanta, ba ka rage komai ba. Kada ta riƙe shi. Asusun akanta ya tsaya can, wani aiki daga gefensu ya riƙa tura rahoton da ake buƙata kaɗai zuwa asusun shafin da AzCopy da SAS mai ƙarewa.

Malam_Kanel: Ko manhajar rahoton ta koma ƙaramar sabar tata wadda ba ta fuskantar intanet, ta jona da `ro`. Kwafi biyu na rahoto yana kawo tambayar wanne ne na yanzu. Sau nawa rahoton yake canzawa a rana, Abban Nana, kuma wa ke buɗe shi?